Mauna Kea: laifin masana ne, ba na dattawan Hawaii ba

Tun da hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta nuna a 2025 cewa ta fi karkata ga madubin hangen nesa na Giant Magellan da ake ginawa a Chile, Sifaniya kuma ta yi tayin Yuro miliyan 400 don a kai madubin TMT (Thirty Meter Telescope), wanda aka so ginawa a kan dutsen Mauna Kea na Hawaii, tsibirinta na La Palma, sai tsohuwar waƙa ta dawo. Wai wasu 'yan gargajiya masu tsarkake dutse ne suka tare wa kimiyya hanya a Hawaii. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ta wanke masu laifi, ta shafa wa waɗanda aka raina kashin kaji.

A 1968 Jami'ar Hawaii ta karɓi hayar ƙolin Mauna Kea, dutse mai tsayin mita 4,207, na shekara 65. Sannu a hankali madubai 13 suka hau kai, yawancinsu kuma hayar dala ɗaya tak suke biya a shekara. Filin nan yana cikin ƙasar masarautar Hawaii da aka ƙwace bayan an tuntsurar da Sarauniya Liliuokalani a 1893. A 1998 mai binciken kuɗi na jihar da kansa ya soki jami'ar kan yadda ta yi sakaci da wurin. To a kan wannan tarihi ne aka zo za a ƙara ginin TMT mai tsayin bene 18, a wurin da 'yan asalin tsibirin ke ɗauka mafi tsarki a ƙasarsu.

An tuntuɓe su? An dai yi zama irin na jeka-na-yi-ka. A 2011 hukumar filaye ta jihar ta ba da izinin gini tun kafin ta zauna sauraron masu ƙorafi. Wannan ba zancen masu zanga-zanga kawai ba ne; Kotun Ƙolin Hawaii ce ta soke izinin a Disamba 2015 saboda an yanke hukunci kafin a ji ta bakin mutane. Aka sake zama, kotu ta amince a 2018. Da za a fara kai kayan aiki a Yuli 2019, 'yan sanda suka kama mutum 38, galibinsu dattawa, wasu da sanduna, wasu a keken guragu. Cikin 'yan kwanaki dubbai suka cika hanyar hawa dutsen. Wane mai hankali ne ya zaci kama tsofaffi zai buɗe hanya?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kiran mutanen nan maƙiya ilimin taurari. Kakanninsu da taurari suka ratsa tekun Pasifik har suka iso tsibiran, ba taswira, ba kamfas. A 1976 kwale-kwalen Hokulea ya bi wannan tsohuwar dabara daga Hawaii har Tahiti. Masanan sun san da haka sarai, shi ya sa suke son aron harshen Hawaii: a 2017 sun raɗa wa baƙon dutsen da ya ratso tsarin ranarmu suna Oumuamua. Suna dai a ba su, amma kujera a inda ake yanke shawara, a'a.

Za a ce ai TMT ya riƙa zuba dala miliyan ɗaya duk shekara a ilimin yaran tsibirin, kuma akwai 'yan asalin da ke goyon bayansa. Sai me? Kyauta ba ta zama izini.

Sai a 2022 majalisar jihar ta kafa sabuwar hukumar kula da dutsen, da kujeru ga masu riƙe da al'adun Hawaii, wadda za ta karɓi ragama daga jami'ar a 2028. An kuma kwashe tsofaffin madubai biyu a 2024. Ihu bayan hari ke nan. Duk mai shirin kafa madubi a ƙasar wasu, ko a Chile ko a Karoo ta Afirka ta Kudu inda ake gina babban madubin rediyo na SKA, ya zauna da masu ƙasa tun kafin ya zaɓi fili, ya kuma yarda suna da ikon cewa a'a. Hayar jami'ar dai za ta ƙare a 2033, kuma wannan karon masu madubai ne za su zo neman alfarma.