A bar yara su yi surutu a darasin harshe

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar firamaren gwamnati a Kano ko Katsina ya san wannan amon: malami ya faɗi jimla da Turanci, yara ɗari su amsa baki ɗaya, ya sake faɗa, su sake amsawa. Daga waje sai ka ce karatu ya kankama. Amma shiga ka nuna yarinya ɗaya a layin baya, ka ce ta faɗa ita kaɗai. Sunkuyar da kai za ta yi, domin tun farkon zango leɓe kawai take motsawa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma kowa ya san nisanmu da wannan adadi. To, a yi lissafi. Darasin minti 35, yara 100: ko malami bai ce uffan ba, daƙiƙa 21 kowane yaro zai samu. Harshe kuwa da baki ake koyonsa. In malami ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi, su yi minti goma suna tambayar juna suna amsawa, kowane yaro ya sami minti biyar ke nan. Wannan ne ya sa nake ganin wasa a aji mai cunkoso dole ne.

Kuma kayan aikin na gida ne. Ɗauki kacici-kacici. Yaron da ya san cewa “shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya” tsintsiya ce, ya riga ya iya siffanta abu ba tare da ya ambaci sunansa ba. Malami ya raba aji gida shida, kowane gida ya zaɓi abu ɗaya, ko buta ko akuya ko keke, su haɗa jimla uku a harshen da ake koyo, sauran su canka. Gidan da ya kasa ya ba da gari, kamar yadda ake yi a dandali. Za ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba yana jan rigar ɗan'uwansa yana tambayar yadda ake cewa “ƙaho”, don kada a ci garinsu. Kalmar da yaro ya nema da kansa ba ta saurin ɓace masa. Haka wasan kasuwa: murafun kwalba su zama kuɗi, rabin aji su kasa kaya, rabi su zo taya, a yi ciniki har a daidaita.

Na san abin da za a ce: hayaniya za ta dami ajin maƙwabta, kuma yara za su zame su koma Hausa. Duka gaskiya ne. Maganin na farko gindin bishiya da alamar tsayawa guda, ko tafi uku ko usur. Na biyun kuwa malaman allo sun daɗe da maganinsa, inda gardi ke biya wa ƙolo karatu, malam yana sa ido. Kowane gida a ba shi shugaba daga cikin yaran da suka fi ganewa.

Babban cikas yana wajen hedimasta da masu duba makarantu, waɗanda ke auna ƙwazon malami da shirun ajinsa. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma gina azuzuwa da ɗaukar malamai wajibi ne da wasa ba zai maye gurbinsa ba. Sai dai gini yana ɗaukar shekaru, yarinyar layin baya kuwa bana take aji uku. Mai duba makaranta da ya zo gobe, ya ajiye rajista tukuna, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga yara nawa suka furta jimlar kansu kafin a kaɗa ƙararrawa.