Ina Tumbin Alhaji Ya Shiga?

Teburin mai shayi a Agege, bayan asuba. Alhaji ya zauna, benci bai yi kukan da ya saba ba.

Mai Shayi: Ranka ya daɗe, kamar kullum? Ƙwai shida, Indomie biyu, biredin Agege guda?

Alhaji: Ruwan bunu. Kar ka sa sikari.

Mai Shayi: Innalillahi! Alhaji, in kasuwa ce ta juya, ci abinka na rubuta.

Alhaji: Kasuwar wa? Jiya tirela biyu ta shanu na sauke a Oko-Oba!

Dogo Mai Gadi: To ina tumbin? Da shi ke riga ka shiga masallaci ya kama maka sahu.

Alhaji: Motsa jiki nake yi.

(Motsa jiki! Mutumin da ko alwala sai yaro ya kai masa buta bakin mota.)

Malam: Wannan sammu ne. A kawo zakara fari.

Alhaji: Allah gafarta Malam, na ce motsa jiki!

Sai ga Mai Kemis da kofinsa a hannu.

Mai Kemis: Alhaji, Hajiya ta ce in tuna maka yau ranar allura ce.

Wuri ya yi tsit. Har tafasar butar shayi ana ji.

Alhaji: Allurar shanu yake nufi.

Mai Kemis: Yaushe shanu suka fara Ozempic? Jama'a, allura ce sau ɗaya a mako, a fatar ciki. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya yi ta don masu ciwon suga, Amurka ta amince da ita a 2017. Da aka ga tana kashe kwaɗayi, abinci ya daɗe a ciki mutum bai ji yunwa ba, sai a 2021 suka fito da ƙanwarta Wegovy don ƙiba. Ita har haɗarin bugun zuciya tana ragewa ga masu ƙiba da ciwon zuciya.

Mai Shayi: Wato Bature ya zauna a Denmak ya ƙirƙiro abin da zai kashe mini kasuwa a Agege.

Dogo: Nawa ake sayar da ita?

Nan Alhaji ya gyara hula. An zo wajen da yake so.

Alhaji: Ba kuɗin yara ba ne, Dogo. Albashinka ko marfinta ba zai saya ba.

Dogo: Ni kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 na rame kyauta, ko tsinin allura ban gani ba.

Alhaji: Taka ramar babu ce, tawa ta likita. Dubi wuyana, dubi naka. Akwai rama ta yunwa, akwai rama ta Denmak.

Mai Kemis: Sai dai takan zo da tashin zuciya, amai, wani lokacin gudawa.

Malam: Af! Shi ya sa ranar Juma'a ka fice ana tsakiyar huɗuba?

Alhaji: Waya aka yi mini daga Kano.

Malam: Sau uku?

Alhaji: Kano babban gari ne.

Mai Kemis: Kuma a bi ta hannun likita, jabu ta yi yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024. Sannan in ka daina, tumbi kan dawo gidansa.

Mai Shayi: Alhamdulillah! Yaushe zai daina?

Mai Kemis: Ni damuwata sabuwar da ya saya. A firji ake ajiye ta, ga shi kwana huɗu ba wuta a layinsu.

(Takardar kuɗin wuta dai ta zo, ita ba ta taɓa makara.)

Alhaji ya waiga hagu da dama, ya zaro wani ɗan kwali daga aljihun babbar riga, ya rage murya.

Alhaji: Mai shayi, kular lemon nan taka da sanyi?

Mai Shayi: Da sanyi, ranka ya daɗe. Kuɗin ajiya kullum ƙwai shida da Indomie biyu.

Alhaji: Ai ba zan iya ci ba!

Dogo ya jawo benci, ya nannaɗe hannun riga.

Dogo: Soya kawai, a sa albasa da yawa.