Neman mai a Arewa: kuɗin haƙa rijiya ya danne maganar ɗakin kwamfuta

A watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2023 kuma aka soma haƙa a Ebenyi ta jihar Nasarawa da Wadi ta jihar Borno. Kowa ya ga injin haƙa da manyan baƙi a hoto. Amma shawarar inda za a kafa injin, a ɗakin kwamfuta ake yanke ta, kuma ɗakin nan ne ba a cika yi masa kasafi da hankali ba. Dokar man fetur ta 2021 ta tanadi kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas ta NNPC don neman mai a sababbin yankuna. Ra'ayina shi ne a faɗa wa jama'a nawa ne daga ciki ya tafi ga sarrafa bayanai.

Ga yadda ake binciken ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa. Ana girgiza ƙasa da babbar mota ko da nakiya, sautin ya nutsa, ya bugi duwatsun ƙarƙashi ya dawo, dubban na'urorin sauraro da aka kakkafa su naɗe shi. Mu yi lissafi. Idan kowace na'ura ta saurara daƙiƙa 6, tana ɗaukar awo sau 500 a daƙiƙa, awo 3,000 ke nan, kimanin kilobait 12. Na'urori 10,000 za su ba da megabait 120 a bugu ɗaya. Bugu 100,000 ya kai terabait 12, kuma wannan ɗanyen bayani ne kawai. Kowane mataki na gyara, daga daidaita tasirin yashi da sakakkiyar ƙasar sama zuwa cire hayaniya da auna saurin sauti, yana haifar da sabon kwafi. Wanda ya sayi ma'ajiya daidai girman ɗanyen bayanin zai cika ta tun aiki bai kai rabi ba.

Babban mai cin ƙarfi shi ne matakin ƙarshe, na mayar da kowane sauti gurbinsa don hoton ƙarƙashin ƙasa ya fito. Hanyar lissafi da ake kira Kirchhoff ta fi araha. Wata hanyar da ake kira RTM ta fi fito da hoto inda duwatsu suka cuɗe, irin duwatsun aman wuta da suka kutsa cikin shimfiɗun yankin tafkin Chadi, amma tsadarta ba wasa ba ce. In ka ce a ninka kaifin hoton sau biyu, sai an ƙanƙanta ma'auni a tsawo da faɗi da zurfi da kuma lokaci, aikin ya ninka sau 16. Abin da zai ɗauki kwana 3 ya koma kwana 48. Shi ya sa ƙwararru ke fara gwaji a kan 'yan layuka kaɗan da ƙaramin kaifi, sai sun gamsu da taswirar saurin sauti sannan su saki babban aikin. In taswirar ta karkace, duk ƙarfin injin hoton ƙarya zai ba ka, a je a haƙa busasshiyar rijiya.

Sau da yawa ba injin lissafin ne ke gazawa ba, hanyar kai masa bayani ce. GPU, wato na'urar kwamfuta mai saurin lissafi, mai ƙwaƙwalwar gigabait 80 ba za ta ɗauki yanki duka ba, dole a yayyanka shi a rarraba. In faifan ajiya ko wayoyin da ke haɗa injinan ba su da sauri, sai na'urori masu tsada su zauna jira, kamar tankoki ɗari a bakin famfo ɗaya. Haka kuma in babu manhajar tsara layi irin Slurm, da dokar wane aiki ke gaba, mutum ɗaya zai riƙe injina duka da gwajin da bai taka kara ya karya ba.

Sai wuta. Akwati ɗaya mai GPU 8 na zamani yana jan kusan kilowat 10, kuma duk wutar zafi take komawa, wanda sai an kwashe shi da na'urar sanyaya ɗaki. A garin da bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ke toshe matatar iska da ƙura, wannan lissafi ne na dizal da batura da masu gyara. Dole kuma a saita aikin ya riƙa adana inda ya kai duk bayan 'yan sa'o'i, don ɗaukewar wuta ta minti ɗaya kada ta cinye aikin mako.

Wasu za su ce a sayi katafariyar kwamfuta irin Pangea III da kamfanin mai na Total ya kafa a Faransa a 2019, ko Dammam-7 ta kamfanin Aramco na Saudiyya. Ban goyi baya ba. Waɗannan kamfanoni suna da aikin da zai cika injinansu dare da rana, namu kuwa zuwa yake yana ɗaukewa, injin kuma cikin 'yan shekaru yake tsufa ko an mora ko ba a mora ba. Abin da ya dace shi ne matsakaiciyar cibiya ta gida don aikin yau da kullum da horar da ɗaliban jami'o'in Maiduguri da Bauchi da Zariya, sannan a yi hayar manyan injina ta intanet idan babban aiki ya taso. Nan ma da tarko. Tura terabait 12 a layin megabit 100 zai ci kusan kwana 11, kamfanonin hayar kuma suna cajin kuɗin fitar da bayani daga wurinsu, don haka a rubuta wannan a kwangila tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin kaset masu ɗauke da bayanan binciken baya. NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a yankin tafkin Chadi a shekarun baya, bayan ta tattara bayanai masu yawa. Sake sarrafa su da hanyoyin yau ya fi sake aika ma'aikata daji araha nesa ba kusa ba, balle a yankin da aka kai wa masu bincike hari a Magumeri a watan Yulin 2017. Amma kaset na lalacewa, injin karanta shi ma yana ɓacewa a kasuwa. Ya kamata hukumar NUPRC, mai kula da rumbun bayanan mai na ƙasa, ta tabbatar an kwashe su zuwa sababbin kaset, kwafi biyu a garuruwa biyu, haɗe da takardun fili masu nuna inda aka kafa kowace na'ura da inda aka yi kowane bugu.