Kakakin majalisar Gana da tambayar Baffana

Na daɗe ina zaune a unguwar Nima da ke Akra, amma Babbar Sallah a ƙauyenmu nake yi, can kusa da Ringim. Bana, bayan la'asar, muna kan tabarma a gindin darbejiya, hira ta gangaro kan 'yan majalisa, sai na kawo labarin Alban Bagbin, kakakin majalisar Gana.

Mutumin nan tun 1993 ya shiga majalisar Gana yana wakiltar Nadowli, a arewa maso yammacin ƙasar, yankin manoman gero da dawa kamar namu. Sau bakwai a jere mutanensa suka zaɓe shi, shekara 28 cur. Ya jagoranci marasa rinjaye daga 2001 zuwa 2009, ya jagoranci masu rinjaye, ya yi minista. Daren da aka zaɓe shi kakaki, 7 ga Janairu 2021, a teburin mai shayi na kwana ina kallon talabijin. Jam'iyyar Bagbin ta NDC da jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin kowacce na da kujera 137. Aka ba hammata iska har sojoji suka shigo zauren, daga baya wani ɗan majalisa ya wawuri takardun ƙuri'a ya ranta a na kare. Gari na wayewa ɗan adawa ne a kan kujerar, alhali Shugaba Akufo-Addo na NPP ke mulki.

Baffa ya gama saurarona, ya ɓare goro, ya ce, "To ɗan nan, rijiyar burtsatse nawa ya haƙa?"

Kowa ya yi dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Da mudun da muke auna ɗan majalisa ke nan: burtsatse, babur, buhun taki, kuɗin suna. Idan shekara huɗu ta cika bai kawo ba, a sauya shi, sabon ya je Abuja ya fara koyon inda ƙofar kwamiti take. Ghali Umar Na'Abba, Allah ya jiƙansa, ya riƙe majalisar wakilai daga 1999, ya ja daga da Obasanjo har majalisar ta yi barazanar tsige shi a 2002. A zaɓen 2003 ko kujerarsa ta Birnin Kano bai koma ba.

Ba wai daɗewa kaɗai ce nagarta ba, muna da waɗanda suka tsufa a kujera ba a taɓa jin muryarsu ba. Kuma 'yan Gana ma suna damun wakilansu da kuɗin makaranta da na asibiti. Amma sanin dokar zaure da ya sa Bagbin ya iya taka wa gwamnatin Akufo-Addo burki, ba a zango ɗaya ya same shi ba.

Na ce wa Baffa haƙa rijiya aikin ƙaramar hukuma ne. Ya nuna mini 'yan mata uku da suka taho daga rafi, kowacce da jarka a ka, ya ce in na ga shugaban ƙaramar hukumar a Akra in gaishe shi.