Fetur Kwalba-Kwalba Ake Saye, Rana Kuwa Sai Da Jari

Duk wanda ya taso daga Katsina ya nufi Kano ta hanyar Charanchi da Kankiya, in ya iso Lambar Rimi ba sai an nuna masa ba, idonsa zai kai kan dogayen fankokin nan da aka kakkafa a fili. Guda 37 aka tsara, don su ba da megawat 10 na lantarki daga iska. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka fara maganarsu, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. A watan Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a garin Rimi, ya yi wata 11 a hannunsu kafin Allah Ya kuɓutar da shi, aiki kuwa ya tsaya cik. Aka dawo, aka sake tsayawa, aka yi ta jan ƙafa sama da shekara goma. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara zancen, yau ya isa aure. A bakin wannan titin kuma 'yan bumburutu na nan da jarkokinsu da kwalabensu, kuma cinikinsu bai taɓa tsayawa ba ko na yini ɗaya.

A tarurrukan da ake yi kan sauyin yanayi, in aka tambayi dalilin da ya sa mutanenmu suka kasa rabuwa da fetur da gas ɗin mota, amsar da aka fi bayarwa ita ce rashin wayar da kai. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ina ganin akwai raini a cikinsa. Wa ya zauna ya wayar wa Bakatsine kai kafin ya karɓi wayar salula? Wa ya yi masa taro kafin ya ajiye fitilar ƙwai ya ɗauki tocila mai caji? Ka shiga ƙauyukan Mashi ko Ɓaure, za ka tarar da masallacin da lasifikarsa ke aiki da sola, da yaron da ke cajin waya a rumfa da faifan sola ɗaya a kan kwano, da rijiyar burtsatse da rana ke ɗago wa ruwa. Abin da ya yi daidai da aljihun mutum, ba ya jiran a yi masa talla.

Kawuna ne ya buɗe mini ido a kan wannan. Manomin rani ne a fadamar Ajiwa, yana noma tumatir da albasa da kabeji, kuma da injin ban-ruwa mai shan fetur yake shayar da su. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an gama da tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Da na je gaishe shi na ga yadda mai ke cinye masa riba, sai na ce, “Kawu, me zai hana ka koma injin sola ka huta?” Ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, na fi ka sanin rana kyauta ce, a cikinta nake yini. Amma fetur in na samu kuɗin kwalba ɗaya za a ba ni kwalba ɗaya. Mai sola ba ya sayar da rabin inji.”

Duk abin da zan faɗa a ƙasa sharhin wannan magana ne. Injin fetur yana da sauƙin saye, shayar da shi ne ke da tsada, kuma tsadar tana zuwa ne kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da ka samu ran nan. Sola kuwa akasin haka take. Kuɗin wutar da za ka sha shekara goma masu zuwa, rana ɗaya ake so ka zube shi, daga nan sai ka huta. In an yi lissafi na dogon zango sola ta fi araha, ba a musun wannan. Amma mutumin da ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, wanda ke sayen man gyaɗa ludayi-ludayi da sukari ƙulli-ƙulli, ina zai samo kuɗin shekara goma a dunƙule? Shi ya sa yau a Katsina gidajen da ka ga rufinsu ya cika da faifan sola na manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, wato waɗanda da ma sun fi kowa iya sayen fetur. Talaka shi ke biyan wuta mafi tsada, don ba shi da jarin sayen mai arha.

A ƙasashen da sauyin ya yi nisa, bashi ne ke cike wannan giɓi. Mu kuwa a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sai sun ɗora nasu a kai. Ba sana'ar halal da za ta iya ɗaukar wannan. Ko da ma kuɗin ruwan ƙanƙane ne, Kawu da ire-irensa ba za su taɓa shi ba, saboda riba ce, kuma duk wanda ke tsara mana manufa bai sa wannan a lissafinsa ba, bai san mu ba. Ga kuma naira. Faifan sola ya faɗi warwas a kasuwar duniya, farashinsa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara goman da suka biyo bayan 2010, galibi saboda masana'antun China. Amma faifan da batir da inbata duk da dala ake shigo da su, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Lokacin da tsadar fetur ta koro mutane zuwa shagon mai sola, a lokacin ne kayan shagon suka ninka kuɗi.

Abin da manoma da yawa suka yi ya isa hujja. Suka kai injinansu wurin makanike aka canza musu kafireto, suka koma amfani da tukunyar gas ɗin girki. Cikin kaka ɗaya dabarar ta bazu, ba gwamnati, ba ƙungiya. Sun sauya, kuma da sauri, amma daga wani man ƙasa zuwa wani, don shi ne sauyin da kuɗinsu ya kai.

Maganar gas ta kai ni madafi, inda abin ya fi ci mini rai. A can iyayenmu mata sun daɗe da barin man ƙasa, sai dai baya suka koma. Kananzir ya yi tsada aka jingine risho. Masu ɗan hali suka koma gas, shi ma ya tashi, aka dawo kan gawayi da icce. Wannan a jihar da take cikin jihohi 11 na bakin hamada da ake kashe kuɗi don kafa musu katangar itatuwa. Muna dasa bishiya da damina, muna sare wadda ta girma da rani don a dafa tuwo, hayaƙin kuma yana ƙarewa a ƙirjin uwa da na goyon da ke bayanta. Saboda haka in na ji wani daga Turai yana cewa kada a ba Afirka rancen ayyukan gas, raina yana ɓaci. A madafin Bakatsiniya tukunyar gas ci gaba ce, kuma zan goyi bayanta har ranar da lantarki zai wadata a yi girki da shi.

Sai maganar amana, wadda ba a cika faɗa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane nawa ne suka tara kuɗi da ƙyar suka sayi batir, aka ce musu sabo ne, kafin shekara ya daina riƙe caji? Faifai nawa ne aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi? Fitilun kan titi na sola da 'yan siyasa ke rabawa, da yawansu haskensu bai wuce damina biyu ba, wasu an sace batiransu, wasu ƙurar hunturu ta rufe faifan ba mai sharewa, kuma ba a ware ko sisi don kula da su ba. Zafin bazararmu ma yana rage wa batir kwana. Janareto kuwa in ya lalace, kowace unguwa akwai mai gyara, kayan gyaransa suna nan a kasuwa, yaron shago ma ya san ciwonsa da jin ƙararsa. Shekaru masu yawa aka ɗauka ana gina wannan sani. Mai walda da mai injin niƙa da mai ƙanƙara, waɗanda aikinsu ke jan wuta da ƙarfi, ba za su ɗora abincin iyalinsu a kan abin da in ya tsaya ba su san ƙofar wanda za su buga ba.

Gwamnati ita ma tana da nata ɗaurin. Bayan da aka samu mai a Oloibiri a 1956, sannu a hankali shi ya zama uwa ma ba da mama, shi ke kawo mafi yawan kuɗin waje, kuma kason da jihohi ke karɓowa daga Abuja duk wata yana da kaso mai tsoka na kuɗin mai. Marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya tsaya a taron sauyin yanayi na Glasgow a Nuwamban 2021 ya yi alƙawarin cewa Najeriya za ta kai matakin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake kawarwa daga iska nan da 2060. Shekara ɗaya bayan haka shi ne ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, mu 'yan Arewa muka yi ta murna. Ban kira wannan munafunci ba, halin da ƙasar take ciki ne. Abin da nake zargi shi ne inda aka zuba kuɗi. A 2022 kaɗai tallafin fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4, wani ɓangare na man ma ta Jibiya da Kwangwalam ya tsallaka Nijar. A 2016 kuwa an sa hannu da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola masu ƙarfin sama da megawat 1,000, har da wanda aka ware wa Kankiya. Aka tsaya jayayya kan farashi da lamunin biya, shekaru suka shuɗe ba a gina su ba. Ƙasar da ta iya ɗaukar nauyin fetur ɗin kowa ta kasa tsaya wa tashar rana.

Manyan ƙasashe ma ba su da bakin yi mana gori. A Copenhagen a 2009 suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020 don taimaka wa ƙasashe masu tasowa kan sauyin yanayi, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Da yaƙin Ukraine ya tsananta, Jamus ta sake kunna tashoshin kwal ɗinta. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Amma ba na so mu fake da wannan. Ko ba don duniya ba, lantarkin da babban layin ƙasa ke rabawa yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, kuma mu muna can ƙarshen layi. Rana ce abin da Allah Ya hore mana fiye da 'yan Kudu.

Hanyar da nake gani ita ce a sayar da rana yadda ake sayar da fetur. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yawancin Keke Napep ɗin da ke yawo a Ƙofar Ƙaura ba a biya kuɗinsu rana ɗaya ba, ana ba matuƙi ne yana biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. A Kenya kamfanin M-KOPA ya fi shekara goma yana sayar da sola ta haka, mutum yana biya ta waya kullum. Ciniki na murabaha, inda banki zai sayi injin ya sayar wa manomi da ribar da aka yanke tun farko, ya kauce wa kuɗin ruwa, kuma bankin Jaiz yana aiki a ƙasar nan tun 2012. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta tsaya a matsayin mai lamuni, a daidaita biyan manomi da lokacin da yake kwashe amfani. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka uzurin jiran Abuja ya ragu. An gwada haɗa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano da wutar sola, kowa yana biyan abin da ya sha, ban ga abin da zai hana a yi wa babbar kasuwar Katsina da ta Mai'aduwa haka ba. Kwalejin Hassan Usman Katsina da ta tarayya da ke Daura su yaye masu gyara da za a iya kama su da laifi in sun yi algus, hukumar kula da ingancin kaya kuma ta shiga shaguna ta auna abin da ake sayar mana.

Kawu bai jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi da maƙwabtan gonarsa huɗu sun shiga adashe tun bayan kwasar albasa, da niyyar su sayi injin sola ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Sau biyu suna zuwa tambayar kuɗinsa, sau biyu suna tarar da ya ƙaru. Da na koma makon jiya na same shi ya ɗaure tukunyar gas a bayan babur zai shigo gari a cika masa, don tumatir ya fara fure kuma ba zai jure kwana uku ba ruwa ba.