Kowa sai "Malam, ina nawa?"

Wai don Allah, mutane sun ɗauka littafi daga sama yake faɗowa? Tun asuba na baro Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kwalin littafin da na rubuta a ƙarƙashin ƙafafuna, sai dare muka shigo Maraɗi, baya duk ya sage.

Washegari zauren gabatar da littafin ya cika maƙil, aka sha tafi, aka sha hoto. Da aka zo maganar saye sai kowa ya zama ɗan'uwa. Har da wani alhaji mai mota mai sanyi, wai in sa masa hannu in ba shi, albarkacin zumunci. Jika biyu fa! Mai buga littafi bai san zumunci ba, balle mai masauki.

Gobe Damagaram, kuɗin mota kuma daga aljihuna.