Bakan Kakanmu Mayaƙi

Damina ce ta kayar da katangar ɗakin marigayi kakanmu a unguwar Jekadafari a Gombe, Baffa ya ce in je in kwashe tarkace kafin magina su zo. Can ƙarƙashin gado na jawo wata tsohuwar adaka duk ta yi tsatsa. Ina buɗewa na ga abu uku: ɗan ƙaramin baka da tsirkiyarsa amma ba kibiya, wani ƙarfe kamar sanda mai kauri a tsakiya, sai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki kamar jaririn lauje.

Wlh nan take kaina ya kumbura. Da yamma na kwashe su sai majalisa, na ce ku kalla da kyau, mu gidan mayaƙa ne, da wannan bakan kakana ya bi Buba Yero jihadi. Wani abokina mai shegen son lissafi ya ce to ai 1804 kenan, kakan naka da har muka sha ganinsa a kan keke shekara nawa ya yi a duniya? Na ce hassada ce kawai ke damunka. Sandar na ce ta fasa kan abokan gaba ce. Shi kuwa ɗan laujen ban samo masa tarihi ba, na dai goge shi da toka na mayar da shi abin ɓanɓaro kwakwa, kuma gsky yana aiki, ya fi wuƙa shiga lungu, sati guda kullum da daddare da shi muke cin kwakwa da dabino, har layi ake yi ana jiran a miƙo.

Ran Juma'a Goggo ta zo daga Kumo, na baje mata kayan ina jiran kirari. Dariya ta yi har ɗankwalinta ya zame. Ta ce kai ɗan nan, wannan bakan ai masaɓi ne, na kakarka, da shi take shiɓar auduga ta yi laushi kafin a kai ga mazari. Ƙarfen mai kama da sanda kuma na gurza ne, a ɗora auduga kan dutse a murza shi, gurya ta fita gefe. Wato duk yaƙin da aka yi a gidanmu da auduga aka yi shi.

Na daure na ce to Goggo wannan na kwakwar fa?

Ta juya shi, ta dube ni. Ta ce wace kwakwa? Na wanzamin gidanmu ne, ya bari ajiya bai dawo ba. Da shi ake cire beli. Naka ma da shi aka cire, da na babanka, da rabin yaran layin nan.

Tun ranar ko a baro na ga kwakwa sai na ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Su ƴan majalisa ban gaya musu ba tukun, jiya ma mai lissafin nan ya aiko ƙaninsa wai in ara masa, ya sayo kwakwa biyu. Na nannaɗe a takarda na ba yaron.